Gishirin da ba ya daskarewa: abin da ya haɗa ɗakin gwaji da buntun shinkafar Kudancin Kano

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Karfi, ta ratsa Bunkure da Rano, ta shiga Kibiya a bayan kaka, abubuwa biyu ba za su ɓace masa ba. Na farko tsibin buntu da ke jibge a bayan injinan casar shinkafa. Na biyu hayaƙin tattaka da ake cinna wa wuta a gonaki domin a share fili kafin shuka ta gaba. Idan ya ƙara gaba zuwa ƙauyukan mazaɓar Nariya, inda damina ce ke riƙe da yawancin noma, zai tarar da karan dawa da na masara a tattare, wani an jingine shi don danga, wani don dabbobi, wani kuma yana jiran murhu.

A wasu ɗakunan gwaji na duniya, waɗannan abubuwa da muke kira shara su ne ake kashe maƙudan kuɗi a kansu. Ɗaya daga cikin makaman da masana ke amfani da su wajen warware su shi ne wani rukunin sinadarai da ake taƙaita sunansa da PIL, wanda za mu iya kiransa gishirin ruwa mai furoton. Sunan yana da nauyi a baki, amma tushen ilimin yana cikin tukunyar miyar kowane gida. Kuma tun da an fara jin kalmomin "makamashi mai tsafta" da "mayar da shara dukiya" a bakin 'yan siyasa da masu neman kwangila, ya kamata matashin da zai kaɗa ƙuri'a ya san yadda ake haɗa wannan abu, da yadda ake tabbatar da cewa shi ɗin ne, kafin a zo masa da alkawari.

Gishirin da ke zuba kamar mai

Gishirin miya ba ya narkewa da kansa sai zafi ya kai maki 801 a ma'aunin Selsiyos. Dalili kuwa shi ne an gina shi da ƙananan ƙwayoyi iri biyu masu ɗauke da cajin lantarki, waɗanda ake kira ayon. Ɗaya mai caji na ƙari, ɗaya mai caji na ragi, kuma suna riƙe juna tamau, a jere kamar tubalin da gwanin magini ya ɗora. Idan aka sami gishirin da ƙwayoyinsa manya ne, karkatattu, marasa daidaito, jeruwar ba ta yiwuwa. Kamar a ce mutum ya yi gini da duwatsun Rano ba tare da ya sassaƙe su ba. Irin wannan gishiri yakan narke a ƙasa da maki 100, wasu ma a zafin ɗaki suna zuba kamar man gyaɗa. Su ne ake kira gishirin ruwa.

A kula, wannan ba ruwan gishiri ba ne. Ruwan gishiri ruwa ne da aka jiƙa gishiri a cikinsa. Gishirin ruwa kuwa shi kansa ne ruwan, ko da babu ɗigon ruwan sha a ciki.

Labarinsa ya girmi Najeriya da kaɗan. A 1888 wasu masana biyu a Jamus, Gabriel da Weiner, suka ba da rahoton wani gishiri mai narkewa a tsakanin maki 52 da 55. A 1914, shekarar da aka haɗe Arewa da Kudu, Paul Walden, ɗan asalin Latbiya, ya haɗa asid ɗin naitirik da wani ɗan dangin amoniya mai suna etilamin, ya sami gishirin da ke narkewa a maki 12 kacal. Duniya ba ta kula shi sosai ba sai bayan shekaru masu yawa, lokacin da masana'antu suka fara neman abin da zai maye gurbin ruwayen narkar da sinadarai masu tashi sama su gurɓata iska, su kama wuta, su cutar da huhun ma'aikata.

Yadda ake haɗa shi

Mai miyar yakuwa ta san cewa idan tsami ya yi yawa, kanwa ko ruwan toka ke kashe shi. Abin da ke faruwa a tukunyar shi ne tsamin, wato asid, yana sakin wata 'yar ƙwaya da ake kira furoton, kanwar kuma tana karɓe ta. A kan wannan miƙa-da-karɓa aka gina gishirin ruwa mai furoton. Ana ɗaukar asid, a ɗauki kishiyarsa, galibi daga dangin amoniya, a haɗa su ƙwaya ɗaya ga ƙwaya ɗaya. Asid ya miƙa furoton ya zama ayon mai caji na ragi, kishiyar ta karɓa ta zama ayon mai caji na ƙari. Shi ke nan an sami gishiri, ba tare da wani dattin gefe da za a zubar ba.

Wannan sauƙi shi ne ya bambanta shi da ɗaya rukunin gishirin ruwa, wanda haɗa shi ke buƙatar matakai da dama da tacewa mai tsada. Amma sauƙin a takarda ne. A aikace, haɗuwar asid da kishiyarsa tana fitar da zafi mai tsanani. Saboda haka ana sanya kishiyar a cikin kwalbar gilashi, a nutsa kwalbar a cikin ƙanƙara, a riƙa ɗiga asid ɗigo-ɗigo ana motsawa na tsawon sa'o'i. Wanda ya yi gaggawa zai ga ruwan ya canza launi, alamar wani sashe ya ƙone, ko kuma ya fantsamo masa. Bayan an gama sai a janye ruwan da ya rage da na'urar da ke zuƙe iska. A nan ma akwai tarko, domin idan aka tsananta zafi, wani sashe na kishiyar asid ɗin zai iya guduwa tare da tururin, a bar gishiri mai rinjayen asid alhali mai haɗawa yana zaton komai daidai ne.

Misalin da ya fi shafar yankinmu shi ne wanda ake haɗawa daga asid ɗin salfiyurik, irin wanda ke cikin batirin mota, da sinadarin tirayetilamin. Masana a Kwalejin Imperial da ke Landan sun yi lissafi a 2014 cewa idan aka haɗa shi a sikelin masana'anta, kilo ɗaya zai tsaya a kan dala 1.24. Wannan adadi ne ya sa aka fara ɗaukar maganar da muhimmanci, domin kafin nan babban abin da ake kushe gishirin ruwa da shi shi ne tsada.

Ba a gane shi da ido

Sashen da masu tallan fasaha suka fi tsallakewa shi ne tantancewa, alhali a nan gaskiya take. Ruwa biyu na iya zama iri ɗaya a ido, ɗaya gishirin ruwa na ainihi, ɗaya kuma gaurayen asid da kishiyarsa da ba su gama sasantawa ba.

Tambaya ta farko ita ce: furoton ɗin ya ƙaura kuwa? A 2003, Austen Angell na Jami'ar Jihar Arizona da abokan aikinsa suka nuna cewa ƙaurar ba ta cika sai tazarar ƙarfi tsakanin asid da kishiyarsa ta yi faɗi, suka sa ma'aunin a kusan maki 10 na sikelin da ake auna ƙarfin asid da shi. Idan tazarar ta yi ƙanƙanta, kamar yadda yake faruwa da wasu asid masu rauni irin na ruwan kal, furoton ɗin yakan riƙa kai-komo, wani sashe na ruwan ya zauna ba shi da caji. Daga baya wasu masana sun nuna cewa siffar kishiyar ma tana da tasiri, ba tazarar kaɗai ba. Ko ta yaya, dole ne a auna.

Ana amfani da na'urar NMR, wadda ke sanya samfurin a cikin maganaɗisu mai ƙarfi, ta nuna inda kowace ƙwayar haidirojin take zaune da maƙwabtanta. Da ita ake tabbatar da ginin sinadarin, a kuma hango datti. Ana amfani da na'urar FTIR, mai haska samfurin da hasken da ido ba ya gani, ta nuna irin ɗaurin da ke tsakanin ƙwayoyin. Sai gwajin da Karl Fischer ya ƙirƙiro a 1935, wanda ke faɗin adadin ruwan da ya maƙale. Wannan gwaji ba ƙarami ba ne, domin irin wannan gishiri yana tsotsar danshi daga iska kamar yadda gishirin miya ke yi a watan Agusta, kuma ruwa kaɗan ya isa ya sauya kaurinsa da yadda yake ɗaukar lantarki. Duk rahoton da bai faɗi adadin ruwan da ke cikin samfurinsa ba, sauran alƙalumansa abin tuhuma ne.

Daga nan sai a auna inda yake narkewa, da zafin da zai kai kafin ya fara lalacewa, da nauyinsa, da kaurinsa, da ƙarfinsa na ɗaukar lantarki. Akwai wani zane da aka sa wa sunan Walden, inda ake ɗora kauri a gefe ɗaya, ɗaukar lantarki a ɗaya gefen, a gwada da layin wani gishiri da aka san halinsa. Wanda ya faɗi kusa da layin, ayon ɗinsa suna yawo a sake. Wanda ya faɗi can ƙasa, sunan gishirin ruwa kawai yake ɗauke da shi.

Kowace daga cikin waɗannan na'urori tana da buƙatunta. Babbar na'urar NMR tana son a riƙa shayar da maganaɗisunta ruwan hiliyom da na naitirojin masu tsananin sanyi, ko ana aiki da ita ko ba a yi. Sauran suna son lantarki marar yankewa, da kayan gyara da ake saye da dala, da ma'aikacin da ya san su. Sayen na'ura a yanka zare a ɗauki hoto shi ne mafi arha a cikin al'amarin. Muna da Jami'ar Bayero a Kano, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote a Wudil, da Jami'ar Ahmadu Bello, da cibiyar binciken fasahar sinadarai ta ƙasa, NARICT, a Zariya. Muna da asusun TETFund da dokar 2011 ta kafa, wanda ke samun kuɗinsa daga harajin da kamfanoni ke biya. Tambayar da ɗalibi da ɗan jarida suke da haƙƙin yi wa kowace cibiya, a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011, ita ce na'urori nawa aka saya, nawa ke aiki yau, nawa ake cajin ɗalibi a kan samfuri ɗaya, kuma a wane layi na kasafi aka sa kuɗin kula da su.

Abin da yake yi wa kara da buntu

Jikin kara da tattaka da buntu an gina shi da abubuwa uku. Akwai selulos, wanda ba komai ba ne illa sarƙar sukari. Akwai hemiselulos, wata sarƙar mai rassa. Sai lignin, wanda ke lulluɓe su kamar yaɓe, ya hana ruwa da ƙwari da ƙwayoyin cuta isa gare su. Lignin ne ya sa karan dawa ke iya tsayawa a danga shekara guda. Shi ne kuma ya sa fitar da sukarin da ke ciki yake da wuya.

Hanyar da Jason Hallett da Tom Welton da abokan aikinsu suka ɓullo da ita a Imperial, wadda suka kira ionoSolv, ita ce a niƙa karan, a zuba shi a cikin gishirin ruwa da aka sirka da ruwa kimanin kashi 20 cikin 100, a dafa a zafin da ya kai maki 120 ko fiye. Gishirin yana narkar da lignin da hemiselulos, ya bar selulos kamar dusa. A tace. Idan aka ƙara ruwa a cikin abin da aka tace, lignin ɗin yakan kwanta a ƙasa a kwashe shi. Sai a ƙafe ruwan, a mayar da gishirin bakin aiki. A wani gwaji da suka wallafa a 2017 a kan wata doguwar ciyawa mai suna Miscanthus, sun cire har kashi 85 cikin 100 na lignin, sun sami har kashi 77 na sukarin da ke cikin selulos, kuma sun sake amfani da gishirin sau huɗu, suna dawo da kashi 99 a kowane zagaye. Daga baya an gwada hanyar a kan buntu da tattakar shinkafa da ta alkama da tuƙar rake.

Selulos ɗin ana iya mayar da shi sukari, sukari ya zama itanol da ake gauraya fetur da shi, ko a yi takarda da zare. Lignin yana ci da wuta, ana kuma yin gam da shi. Buntun shinkafa yana da wata kadara ta daban, domin kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyinsa toka ne, tokar kuma mafi yawanta silika ce, wadda masu siminti da masu tayar mota ke nema. Shi kansa buntun kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na nauyin shinkafa shanshera. Wato duk buhu biyar da suka shiga inji, kwatankwacin nauyin buhu ɗaya yana fitowa a matsayin buntu.

Wannan lissafi yana da ma'ana a nan saboda madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 a zamanin Gwamna Audu Bako, ita ke shayar da shirin noman rani na Kogin Kano, mai faɗin kimanin hekta 22,000 a Kura da Bunkure da Garun Malam. Shirin lamunin manoma na Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, da rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, sun ƙara yawan injinan casa manya da ƙanana a Kano. Buntu ya ƙaru tare da su.

Inda ya kamata a ja burki

Gishirin ruwa mai furoton ya riga ya nuna bajinta a masana'anta. Tun 2002 kamfanin BASF na Jamus yake amfani da wata hanya da ya kira BASIL, inda asid ɗin da ke fitowa a wajen haɗa wani sinadari ake kama shi ya zama gishirin ruwa, ya ware gefe guda kamar yadda mai ke rabuwa da ruwa, maimakon ya zama dunƙulen da ke toshe bututu. Yawan abin da tukunya mai girma ɗaya ke samarwa ya ninka fiye da sau 80,000. Amma wannan a kan sinadari mai tsada ne da ake sayarwa kaɗan-kaɗan. A ɓangaren kara da itace, kamfanin Lixea da ya fito daga binciken Imperial ya kai matakin masana'antar gwaji a Suwidin. Masana'antar gwaji ba kasuwa ba ce.

Tarihin itanol daga kara, ko da ta wasu hanyoyin, cike yake da kaburbura. Kamfanin DuPont ya buɗe babbar masana'anta a jihar Iowa ta Amurka a 2015, ya rufe ta a 2017. Kamfanin Clariant ya sanar da rufe tasa da ke Podari a Romaniya a ƙarshen 2023. Waɗannan ba su yi amfani da gishirin ruwa ba, amma matsalolin da ke addabar irinsu ba su da ruwa da irin sinadarin da aka zaɓa: tattaro kara daga dubban gonaki, ƙasa da tsakuwa da ke biyo shi, ajiye shi ya kai shekara ba tare da ya ruɓe ko ya kama wuta ba, da tsadar sinadaran da ke narkar da selulos ya zama sukari. Indiya ta buɗe tata a Panipat a watan Agustan 2022 domin rage ƙona tattakar da ke turnuƙe Delhi da hayaƙi, kuma da ƙarfin gwamnati aka yi. Mu kuwa muna da manufar man tsirrai tun 2007, wadda ta yi niyyar gauraya kashi 10 na itanol a cikin fetur. An sa hannu a yarjejeniyoyi da jihohi irin su Kebbi da Ondo. Da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, ɗan acaɓa a Rano bai sami wani itanol na gida da zai sassauta masa ba.

Sai maganar kalmar "mai tsafta". Gaskiya ne yawancin gishirin ruwa ba ya tashi sama kamar fetur ko tina, don haka ba ya cika iska da guba. Amma abin da bai tashi sama ba yana iya bin ruwa, kuma an tabbatar wasu daga cikinsu suna cutar da kifi da ƙananan halittun ruwa. Kano ta san wannan darasi. Shekaru da dama masu bincike suna auna sinadarin kuromiyom da majemun zamani na Challawa da Sharaɗa da Bompai ke zubarwa a magudanan da ke ƙarewa a kogunan Challawa da Jakara, inda ake ban-ruwan kayan miya. Kashi ɗaya cikin 100 da ke ɓacewa a kowane zagaye ƙanƙane ne a kwalbar gwaji. A masana'antar da ke juya tan 100 na gishiri, tan ɗaya ne, kuma dole ne a faɗi inda zai tafi. Ga kuma jigilar asid ɗin salfiyurik a kan hanyoyin karkara, sinadarin da NAFDAC ke sa ido a kan shigo da shi, wanda kuma kifewar tanka ɗaya tasa a kusa da hanyar ruwan noman rani ba ƙaramin bala'i ba ne.

Abin da ya fi damuna shi ne kalmar "shara" kanta. A takardun bincike ana lissafa ragowar amfanin gona kamar ba shi da mai shi. A Nariya karan dawa yana da farashi. Shi ne abincin shanu da tumaki a watannin Maris da Afrilu, shi ne danga da rufin rumfa, shi ne makamashin matar da gas ya fi ƙarfinta, tokarsa kuma ana tace ta don miya da sabulu. Wanda ya rage a gona, dabbobin makiyaya suna ci su bar taki, wata tsohuwar musaya tsakanin manomi da Bafulatani da rushewarta ta jawo rikici a wurare da yawa. Harawar wake da ta gyaɗa kuwa ba a ma maganarsu, kuɗi ne a hannu. Masana'antar da za ta kwashe kara daga irin wannan wuri za ta ɗaga farashinsa a kan mai kiwo da mai girki, ta kuma bar ƙasa tsirara ga iskar hunturu.

Buntu daban ne. An riga an tara shi wuri ɗaya a bakin inji, dabba ba ta samun abin kirki a cikinsa saboda yawan silika, kuma ko da masu turara shinkafa da masu kiwon kaji suna ɗiba, wani yana ƙarewa ne a wuta a fili. Idan akwai inda binciken gishirin ruwa zai fara a yankin nan da hujja, to a kan buntu ne da tattakar gonakin rani, kuma a matakin ɗakin gwaji. Ɗalibin digiri na biyu a Wudil ko Kano zai iya haɗa gishirin da kwalba da ƙanƙara da asid ɗin da ake samu a kasuwa. Abin da zai yanke hukunci a kan aikinsa shi ne ko zai sami inda zai auna adadin ruwan da ke ciki, ya tabbatar da daidaiton asid da kishiyarsa, ya gwada shi a kan buntun Kura da na Bunkure, ya kuma ƙirga sau nawa gishirin zai koma tukunya kafin ƙasar da ke biyo buntun ta gurɓata shi.